Zogalen Cikin Kwalba

A bayan ɗakin mahaifiyata a Dakoro akwai bishiyar zogale guda ɗaya, daidai inda ruwan alwala yake gangarawa. Da wannan ruwan kaɗai take rayuwa. Inna takan tsinki ganyen ta dafa, ta matse, ta kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli da albasa, ko ta zuba a dambu. Wanda ya rage takan shanya shi a inuwar rumfa, ba a rana ba, don kada korensa ya gudu. Garinsa ake barbaɗawa a kunun mai jego da na yaron da aka yaye.

Kawuna, ƙanenta, tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, kuma tun tasowata ban taɓa ganin ya sa hannu a kwaɗon nan ba. Cewa yake yi abincin mata ne da awaki.

Shekarar da na gama digirin lisansi a fannin abinci mai gina jiki, na dawo gida na tarar ya daina shan ƙwayoyin ciwon sukarin da likita ya ɗora shi a kansu. Ya maye gurbinsu da wata kwalba da ya saya ranar kasuwa a wurin wani mai lasifika. An liƙa mata takarda da Faransanci, an jera cututtukan da take warkarwa, tun daga ciwon sukari har sanƙo. Na je na ga mai sayarwar da idona: da hula ya rufe nasa sanƙon. Abin da ke cikin kwalbar kuwa garin zogale ne. Ga shi kuma wani ɗan gyambo ya fito a babban yatsan ƙafar kawu ya ƙi rufewa, kuma duk wanda ya san wannan cuta ya san a kan haka ake yanke ƙafa.

"To, malam mai lisansi," in ji kawu, "yana rage sukari ko ba ya ragewa?"

A nan dole in faɗi laifina. Na tsaya auna magana. Na ce ganyen abinci ne na ƙwarai mai gina jiki. Game da sukari kuwa, ba zan rantse cewa ba ya taɓa shi ba, amma abin da aka tabbatar bai kai a ajiye magani ba. Kawu ya ɗauki rabin farko ya bar mini sauran. Kafin la'asar ya sanar da mutanen majalisarsu cewa jami'a ta amince.

Inna ba ta auna komai ba. Da ya shigo gaishe ta da kwalbar a aljihu, sai ta karɓa ta buɗe, ta shinshina, ta murza garin a tsakanin yatsu.

"A rana aka shanya wannan, dubi yadda ya koɗe. Ko kararen ba a tsince ba. Akuyata ma sai ta yi shawara kafin ta ci."

"Yaya, ba irin naki ba ne. Wannan an inganta shi."

"Da takardar? Ni da nake cin sa tun ba ka da haƙora, ga hawan jini ina fama, kullum safe sai na haɗiyi ƙwayata. Kai da ka fara jiya da ƙaramin cokali, kai ne za ka warke? Cire takalmin in gani."

Ya yi gardama, ya kawo Faransanci mai tsawo, amma ya cire. Ta dubi yatsan, ta juyo ta dube ni.

"Kai kuma ka ga wannan kana ta amma-amma?"

Washegari ta sa shi gaba har gidan likita, ina biye da su. Aka wanke gyambon, aka mayar da shi kan maganinsa. Ban ƙidaya makonnin da aka yi ana wanki ba, don haka ba zan ƙago adadi ba. Abin da na tabbata shi ne ya rufe kafin a yanke gero, kuma yatsan yana nan.

Har yau kawu yana gaya wa majalisa cewa kwalbar ce ta cece shi, ƙwayar likita taimako kawai ta yi. Duk sa'ad da kwalbar ta ƙare, Inna ce take cika masa ita da garin bishiyar bayan ɗaki, bisa sharaɗin ya nuna mata ƙwayoyinsa suna raguwa. Yana sha da ƙaramin cokali, yana kiran sa da sunan da ke jikin takardar. Kwaɗon kuwa, wanda ganyen bishiya ɗaya ne da garin, har yanzu abincin mata ne da awaki.