Kunya Huɗu Kewaye da Filin Ƙwallo

Shekara talatin da ɗaya na yi ina horar da 'yan wasa a wata ƙaramar kwaleji a ƙasarmu, ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando duka, don ba a taɓa ɗaukar mutum na biyu ba. Kofi biyu kacal na ciwo a tsawon wannan lokaci, ɗayan ma motar abokan karawarmu ce ta lalace a hanya ba su iso ba. Na faɗi wannan da bakina tun da wuri don kada wani ya riga ni. Abin da nake taƙama da shi filin ne.

Da na zo, fako na tarar, tsakuwa da ƙaya, wanda duk ya faɗi sai ya bar fatar gwiwarsa a wurin. Ni ɗan manomi ne daga Kudan, na san maganin fako. Na je na sami wani dattijon Bafulatani da ke da ruga a bayan makarantar, muka shirya da rani shanunsa su riƙa kwana a filin, da damina kuma su zo da safe su rage mana ciyawa. Malamai suka yi ta dariya, suna cewa koci ya ɗauki sababbin 'yan wasa masu ƙaho. Ban kula su ba. Bayan 'yan shekaru ƙasar ta yi baƙi, ciyawa ta kama luf, har ƙungiyoyin Makarfi da Ikara suna roƙon a kawo wasansu wurinmu.

Filin kwandon kuwa siminti ne, kuma a ƙasarmu duk inda aka ga siminti an ga wurin shanya. Matan malamai suka cika shi da barkono. Na yi faɗa na gaji, daga baya muka raba: daga safe zuwa la'asar nasu ne, daga la'asar nawa. Yarana suka saba da yajin. Baƙi kuwa in suka zo, rabin wasan a atishawa suke ƙare shi. Kofina na gaskiya a kan simintin nan na same shi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Al'adar makarantar ita ce duk damina a yanka wa kowane ma'aikaci gona a cikin harabar. Ni ban taɓa karɓa ba, lokacin noma lokacin atisaye ne. Saura shekara ɗaya in yi ritaya aka kawo sabon shugaba, taki kuma ya yi tsada. Wani malami ya tsaya a bakin filin wata rana, ya tona da ƙafa, ya ga ƙasar. Mako bai cika ba aka kira taro, magatakarda ya karanta cewa za a raba filin ƙwallon ƙafa gonaki.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, yaran a ina za su yi wasa?"

Shugaban ya ce, "Malam, na bana ne kawai. Baɗi sai a duba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin gonar da aka ci masararta sau ɗaya aka mayar?"

Mutanen da suka yi mini dariyar kashin shanu su ne suke ƙirga buhunan da za su ɗauka a kansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin abincin rana. Na san in garmar tarakta ta shiga filin nan sau ɗaya, ya tafi ke nan.

Abin da ya taimake ni, tarakta ɗaya ce ake haya a yankin, kuma layi ake bi. Tana Nasarawan Doya, daga nan za ta Furana, namu sai bayan mako biyu. Aka yi ruwa mai kyau ranar wata Laraba. Da safiyar Alhamis na tara yarana, na gaya musu abin da zan yi, na ce wanda yake tsoro ya koma aji, ba zan riƙe shi a rai ba. Biyu suka koma. Sauran, kusan dukansu 'ya'yan manoma, suka aro galma da fartanya. Muka ja kunya huɗu kewaye da filin, a bayan layin wasa, muka bar 'yar ƙofa daidai wucewar mutum ɗaya. Na shuka masara da hannuna, da rana tsaka, tagar ofishin shugaban tana kallona. Magatakarda ya leƙo ya tambayi abin da nake yi, na ce gonata ta shekara talatin nake karɓa. Ya yi dariya ya tafi, a ganinsa tarakta za ta share komai.

Ranar da taraktar ta iso, masarar ta fito ta kai idon sawu, layi-layi, kore shar. Direban, wani magidanci da ban taɓa gani ba, ya zagaya filin sau biyu yana neman mashiga. Sai ya kashe injin ya sauko ya gaishe ni.

Ya ce, "Baba, shukar wane ne wannan?"

Na ce, "Tawa ce."

Magatakarda ya ce masa ya bi ta kai kawai, makaranta ce ta ba da izini. Direban ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Abinci ne ya tsiro. Ni ban taɓa taka shukar mutum ba, ba kuma zan fara yau ba. In mai ita ya tuge da hannunsa, sai in shiga."

Duk suka juyo suna kallona. Na harɗe hannuwa a baya. A cikin malaman nan da ke tsaye babu wanda bai tashi a gona ba, kuma babu wanda ya iya sunkuyawa ya tuge tsiro ɗaya a gaban jama'a. Direban ya tayar da injinsa ya wuce gonar da ke jiransa. Kafin ya sake zagayowa lokacin shuka ya wuce.

Ban sha a banza ba. Aka ba ni takardar tuhuma, na amsa da layi biyu. Aka karɓe usur ɗina aka bai wa wani matashin malami da bai san bambancin gola da ɗan baya ba, aka kuma rubuta cewa kada in sake taka filin a matsayin koci. Walimar sallamar da ake yi wa kowa ni ba a yi mini ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ranar da na miƙa usur ɗin na daɗe zaune a kan babur ban tayar ba.

Amma takardar ba ta ce komai a kan gona ba. Masara tana son noma, tana son maimai, tana son a duba ta, ni kuma ban san dalili ba, ciyawa ba ta damuna sai bayan la'asar, daidai lokacin atisaye. Sai in zo da fartanyata in shiga kunyoyina. Da masarar ta wuce tsayin mutum, murya kawai ake ji daga ciki tana cewa ɗan gefe ya buɗe, gola ya daina tsayawa kamar turmi. Sabon kocin, Allah ya yi masa albarka, in ya ji muryar sai ya hura usur ya maimaita.

Wata rana shugaban ya biyo ta wurin ya same ni, ya ce, "Malam, ba an hana ka ba?"

Na ɗaga fartanya na ce, "Ranka ya daɗe, da tsuntsaye nake magana."

Na yi ritaya, shi ma an yi masa canjin wurin aiki. Filin yana nan. Duk shekara in ruwan shuka ya sauka nakan hau babur daga Kudan da irin masara a aljihu, ba na jiran kowa ya aiko mini. Bana da na isa, na tarar yaran, waɗanda ban san ko ɗayansu ba, sun riga sun ja kunyoyin huɗu suna tsaye suna jiran iri.