Jajayen Kibiyoyin Mai Fenti

In kana son ganin ɓacin ran Mai Fenti, yi masa kwatance ka ce "can wani wuri." Nan take zai ajiye burushi ya kafe ka da ido. "Wane wurin? Shi wurin daga sama ya faɗo?"

Kuma yana da gaskiyarsa. Ranar da matarsa ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ƙanensa ne ya kira motar asibiti. Direba ya tambayi gidan, ƙanen ya rikice ya ce, "Can wani wuri ne bayan tankin ruwa." Unguwar kuwa lunguna ne a cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Mai Fenti yana tallabe da kan matarsa, yana jin jiniya tana matsowa, tana yin nisa, tana sake matsowa. Ko da motar ta iso, an riga an lulluɓe gawar matar.

Da aka watse daga makoki, ya kwashi ragowar fentin da yake rubuta allunan shaguna da shi, ya bi unguwa lungu-lungu. Kowane lungu ya rubuta masa lamba, kowace kwana ya zana mata jar kibiya. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce masa sannu. Wani mai shago ya goge tasa, wai an ɓata masa bango. Washegari ya tarar da wata, har ta fi ta jiya girma. Mai shagon ne ya fara gajiya.

Ruwan sama ya wanke, ya sake zanawa, har furfura ta cika masa kai.

"Baba, gwiwarka fa," in ji 'yarsa. "Ka huta haka nan."

"In na huta, ke za ki hau tsanin?"

Wata safiya yana sauka daga tsani, sai ƙirjinsa ya riƙe. 'Yar ta kira motar asibiti. "Lungu na tara ne. Daga tanki ku bi jajayen kibiyoyi."

Yana kwance a ƙasa ya kasa kunne. Jiniyar ta taho kai tsaye, ko sau ɗaya ba ta yi nisa ba. Murna da baƙin ciki suka haɗe masa, sai ga hawaye.

Ana cikin saka shi a mota ya damƙe hannun 'yarsa, ya nuna mata bangon tsallake.

"Waccan ta fara koɗewa. Jan fentin yana ƙarƙashin gadona."