Ajin da Ya Fito Ja

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a aji huɗu, a ɗakin ƙarshe na makarantar, wanda tagarsa ke kallon famfo. Yara ne suka raɗa masa Malam Jan Biro, don aljihun rigarsa ba ya rabuwa da tabon jar tawada. Sunan ya bi shi har gida, matarsa ma in ta so tsokana da shi take kiransa. Mutum ne siriri, mai tafiya kamar yana ƙirga takunsa. Ba ya duka, ba ya ɗaga murya. In yaro ya kawo amsar da ba ita ba, sai ya ja benci ya zauna kusa da shi, ya ce a nuna masa hanyar da aka biyo.

Sauran malamai in an gama jarrabawa maki suke zubawa a rajista su rufe. Shi kuwa yana da littafi mai baƙin bango, inda yake kwafe amsoshin da yara suka faɗi, kowane da sunansa. Yakan ce amsar da ta yi daidai ba ta da labari, amma kuskure sawu ne, in ka bi shi zai kai ka daidai inda yaro ya saki hanya. Littattafan sun haura ashirin, suna jere a kabad ɗin falo, wurin da matarsa ta so jera farantan baƙi. Takan ce wa 'yarsu ta kwantar da hankalinta, ubanta ya tara mata gado, kurakuran 'ya'yan mutane.

Aji huɗu kashi uku ne a makarantar. Da yake an san halinsa, duk yaron da ya gagari sauran azuzuwan biyu, wurinsa ake turo shi. Babu inda aka rubuta wannan, kowa dai ya sani. Bai taɓa cewa a'a ba.

Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya sa'ad da ofishin ilimi ya fito da sabon tsari. Kowane zango za a kawo jarrabawa ɗaya ga dukan makarantu, yara su cike 'yan da'irori da fensir, a kwashe takardun a ambulan, kwamfuta ta duba. Sakamako zai dawo a takarda guda, kowane aji da launinsa: kore, rawaya, ko ja. An ce don a gane inda koyarwa ke ɗingishi ne a gyara. Malam ya yi murna, irin murnarsa da ba ta wuce gyaɗa kai. Ya ce wa matarsa abin da ya daɗe yana yi da biro ne manya suka gano.

Ana gobe jarrabawa, malamar ajin da ke jikin nasa ta same shi a bakin famfo yana wanke alli daga hannunsa. Ta rage murya ta ce ita kam ta sallami yara bakwai cikin nata, ta ce su huta a gida gobe, ai kwamfuta takardar da aka ba ta kawai take ƙirgawa.

"Malam, kai ma ka rage kaya. Naka sun fi na kowa nauyi."

Ya yi mata godiya, ya yarfe hannunsa. Washegari yaransa hamsin da huɗu suka zauna cif, kowa da fensirin da shi ya fere masa.

Bayan mako uku takarda ta dawo. Azuzuwa biyu rawaya, nasa ja.

Wadda ofis ya turo don ta bi sawun sakamakon yarinya ce sa'ar 'yarsa, mai ladabi, Baba take ce masa. Suka zauna a ofishin hedimasta, fanka na juyawa a hankali bisa kansu. Malam ya buɗe baƙin littafinsa. Ya nuna mata cewa yara goma sha tara a ajinsa, in aka ce su cire goma sha bakwai daga hamsin da biyu, arba'in da biyar suke rubutawa. Ba sakarci ba ne, in ji shi. Sukan ga bakwai ba ta fita daga biyu, sai su juya su cire biyu daga bakwai. Cikinsu akwai 'yar mai gyaran keken da rumfarsa ke bayan katangar makaranta, wadda ta dube shi ido da ido ta ce ai ba a cire babba daga ƙarami. Yaron da ya iya kawo hujja irin wannan, ya ce, kansa lafiya lau yake. Zango ɗaya kawai yake nema. Ya riga ya ɗaure tsinken ashana goma-goma da roba, in yara suka kwance ƙulli da hannunsu za su gani.

Ta saurara, ba saurare na ganin ido ba. Ta juya shafuka, ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Sannan ta duba fom ɗin da ke cinyarta, gaba da baya.

"Baba, babu gurbin da zan rubuta wannan."

Maganar yara bakwai ɗin da aka sallama ta zo masa har baki. Ya tuna malamar na da goyo, kuma mijinta ba ya aiki. Ya rufe littafinsa.

Tsarin ya ce ajin da ya fito ja a canza masa malami. Hedimasta ne ya faɗa masa, bayan doguwar gaisuwa da tambayar iyali har sau biyu. Shi ma ya taɓa zama a bencin gaba na ɗakin ƙarshen nan, kurakuransa suna cikin littafi na shida. Ya ce sito na bukatar mutum mai amana, littattafai na ɓacewa, kuma shekaru sun ja, hutu ya kamata. Duk maganar idonsa na kan teburinsa. Malam ya ce babu komai, ya karɓi makulli.

A gida matarsa ta yi faɗa kwana biyu, ta ce gaskiyar da ba ta tsare wa mutum kujerarsa ba, me ake ci da ita. A rana ta uku ya tarar ta goge ƙurar littattafan kabad, ta mayar da su bi da bi.

Sito ɗaki ne mai warin takarda da maganin gara, tagarsa ƙarama, tana kallon bayan katanga. Nan ya ajiye kwalin ƙullin ashana a ƙarƙashin tebur. Sabon malamin aji huɗu, saurayi mai fara'a, ya yi alkawari zai zo ya ɗauka.

Ranar jarrabawar zango na gaba makaranta ta yi tsit. Malam ya leƙa taga, ya hangi 'yar mai gyaran keke zaune kan tsohuwar taya a rumfar ubanta, cikin kayan gida, tana kaɗa ƙafa. Ya daɗe yana kallo.

Wannan karon aji huɗu duka kore ya fito. Hedimasta ya liƙa takardar a allon sanarwa, jami'ar nan ta ofis ta aiko da saƙon yabo. Malam ya taya kowa murna, hannu da hannu.

Da aka tashi ya bi ta bayan katanga, hanyar da ba tasa ba. Yarinyar ta taso ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi lafiyar babanta, sannan, kamar abin ya faɗo masa ne kawai, ya ce hamsin da biyu a cire goma sha bakwai.

"Arba'in da biyar, Malam," ta ce da sauri, tana murmushi don ba ta manta ba.

Ya taɓa aljihun rigarsa inda jan bironsa yake, ya sauke hannu.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce, ya kama hanyar gida.