Tuwon da Baƙonmu Bai Taɓa Ba

A can shekarun baya, jim kaɗan bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi, muka mayar da ɗakunan waje na gidan marigayi mahaifina a Warra masaukin haya ga masu zuwa hutu bakin tafki. Na gama jami'a ban sami aiki ba, sai na naɗa kaina manaja, ko da yake Inna, mahaifiyata, ce ke da gidan.

Wani babban ma'aikaci ya sauka daga Kaduna da iyalinsa. Ya yi ƙorafin sauro, ya yi na hayaniyar masunta da asuba, duk na jure. Amma a unguwarmu baƙon gida ɗaya baƙon kowa ne, don haka da la'asar kwanuka suka fara shigowa daga maƙwabta: tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Ya kira ni ya ce, "Malam, ɗaki na kama, ban kama dangi ba. A mayar musu."

Da ilimina na boko na ga yana da gaskiya. Na kwashi kwanukan zan fita, Inna ta tare ƙofa.

"Ka maishe ma mutane tuwo ba a taɓa ba? Shi Kaduna za shi koma. Ni da wace fuska zan shiga gidajensu suna ko ta'aziyya?"

"To yaya za mu yi, Inna?"

"Wanke hannunka."

Haka muka yi har ya gama hutunsa. Kwano ya shigo, mu karkatar da shi cikin gida mu cinye, Inna ta wanke, ta saka goro ko sabulu a ciki, ta aika cewa baƙo yana godiya. Da jin haka maƙwabta suka ƙara yawan tuwon. Ban taɓa fargabar la'asar kamar a kwanakin nan ba.

Ranar tafiyarsa unguwa ta fito rakiya, aka cika masa bayan mota da bandar kifi, ana ta yaba tarbiyyarsa. Ya dube ni a rikice ya ce, "Me na yi musu?"

Inna ta ce, "Alheri, Alhaji. Allah shi kai ku lahiya."

Na daɗe ina tambayar kaina ko yaudara muka yi, kuma har yau ban sami amsar da ta gamsar da ni ba. Inna ta rasu, ɗakunan sun koma ma'ajiyar shinkafa. Amma duk sa'ad da na je gida, wata tsohuwar maƙwabciyarmu takan tambaye ni lafiyar baƙon nan mai mutunci. Nakan ce mata yana gaishe ta.