Rufin Siton Goni Umara

Kawuna Badaru magini ne a Gaya, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya dariya sai ya rufe giɓinsa da hannu. Abu ɗaya na san ya so a duniya: ya tafi Makka a ƙasa, yadda mutane ke yi a lokacin, su bi ta Barno su ɓulla Sudan, su yi shekaru kafin su dawo. Wani sito ne a Ajingi ya hana shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A shekarun yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, wani attajirin gyaɗa, Goni Umara, ya so ɗakin ajiye buhuna. Ya sa wani Bature mai zanen gini a Kano ya zana masa. Zanen kam ba shi da laifi: ginshiƙi biyu a tsakiya, rufin kwano. Ya ba Tukur ɗan kwangila aikin, Tukur ya ɗauko kawu. Daga nan kowa ya tsoma baki. Goni ya ce ginshiƙai za su cinye masa wurin buhuna, a cire ɗaya. Tukur ya ce yaƙi ya ɓatar da kwano a kasuwa, a rufe da azara da ƙasa. Kawu ya san faɗin ya fi ƙarfin azara, amma yana so a ce shi ya rufe ɗaki mafi faɗi a ƙasar Gaya. Ya yarda. Wannan laifin kam nasa ne, ba zan rufa masa ba.

To, maginan gidanmu suna da wata al'ada. Ranar da aka gama rufi, magini zai tsaya a tsakar ɗakin gaban mutane ya ce, "Ruwan rufin nan a wuyana." Wato shi zai riƙa yaɓe shi duk shekara, har ranar da mai ɗaki zai sallame shi da bakinsa. Ba wanda ya nemi kawu ya faɗa. Tukur ma ya miƙa mabuɗi har ya hau kekensa. Amma kawu ya tsaya ya faɗa, don kuwa haka ya ga ubansa na yi.

Daminar farko rufin ya lotsa, ruwa ya kwanta a tsakiya. Ga mata a ƙarƙashinsa suna tsintar gyaɗa, ga 'yan dako na shige da fice. Shi ke nan kawu ya zama bawan rufi. Mutane na shuka, shi yana sama yana toshe tsaga yana share indararo. Da rani kuma yana canja azarar da gara ta ci. Har ya kwashe matarsa Hanne suka koma Ajingi, don hadari ba ya jiran mai zuwa daga Gaya.

Ana nan sai amininsa Ari ya haɗa ayarin mahajjata, ya ce har jakin kawu ya tanada. Kawu ya sa babbar rigarsa ya je gun Goni.

"Allah gafarta Malam, na zo a sallame ni."

"Ni ban ɗauke ka ba balle in sallame ka," in ji Goni. "Da Tukur na yi magana. Kuma in ka tafi ya rufta kan bayin Allah, wa za a kama?"

Kawu ya ce to a bar shi ya mayar da ginshiƙin da aka cire. Goni ya ce sitonsa ne, ba mai rage masa wuri.

Daga nan kawu ya nufi gun ɗan kwangila. Tukur dariya ya yi har da riƙe ciki. "Haba Badaru! Ni aikina ya ƙare ran da na ba da mabuɗi. Je ka ga mai zane, shi ya san nauyin rufi."

Bawan Allah ya tafi har Kano. Baturen ya saurara ta bakin tafinta, ya ce shi ginshiƙi biyu da kwano ya zana, wannan da ake ba shi labari ba gininsa ba ne. Kuma wallahi gaskiyarsa.

Hanne ta kasa haƙuri. "Malam, ka tafi abinka mana! Wa ya ɗaure maka ƙafa?"

"Hanne, in tsaya gaban Ka'aba ina tunanin ko ya danne 'yar wani? Na faɗa gaban mutane."

Ranar da ayari zai tashi kawu yana sama ya yaye rabin rufin. Ari ya tsaya ƙasa yana kiransa ya sauko. Kawu ya leƙo ya ce su tafi, su yi masa addu'a a can.

Bayan shekaru Ari ya dawo da furfura, ana ce masa Alhaji. Ya tarar Goni ya rasu bai sallami kawu ba, magada kuma sun ce su ba su san da wata sallama ba. A sama ya sami kawu, daga can suka gaisa.