Gidan Da Na Rubuta “Ba Kowa”

Ban taɓa mantawa ba, kuma ba na jin zan manta, da Talatar da na tsaya a ƙofar wani gida a tsohuwar unguwarmu ta Talata Mafara, na rubuta kalma biyu a littafi, na wuce. Malam Bello, sakataren ƙungiyarmu ta ci gaban unguwa, shi ya ce in rubuta labarin saboda ku da za ku fara zagaye bana. Na ce masa ban iya tsara labari ba. Ya ce in rubuta a hakan.

Bari in fara da yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Unguwarmu ta iyaye da kakanni ce, yawancin gidajen ginin ƙasa ne da rufin azara. Kowace shekara kafin damina ta kankama, ƙungiya kan kira gayyar yaɓe. Magina su zo kyauta, maza su kwaɓa ƙasa, mata su yi girki, a bi gidajen tsofaffi da na matan da mazansu suka rasu, a toshe tsaga, a gyara indararo. Amma kafin gayya sai an yi zagaye, kuma tun da namiji ba ya shiga gidan mutane, mace ake turawa. Ta shiga, ta gaisa, ta duba katanga da rufi, ta sa gidan a ɗaya daga cikin layi uku: na gaggawa, mai iya jira, ko ba kowa. Bayan La'asar a karanta a zauren mai unguwa gaban shugaban ƙungiya, sannan ta ɗauki sanarwa da murya ta tura wa mutanen unguwa ta waya. Gidan da aka ce ba kowa ba a taɓa shi, don hannuwan ba su da yawa.

Ni ce mataimakiyar sakatare ta ɓangaren mata. Daga Kaya na zo, can ƙasar Maradun, bayan na gama sakandare, a shekarar da zama ya gagare mu saboda masu bindiga. Ina wurin ƙanwar babana. An ba ni muƙamin ne don rubutuna yana karantuwa, ba don na san unguwa ba. Da mu biyu muke yawon, ni da Asma'u, sai aka ɗaura mata aure aka kai ta Bakura, aka bar ni da littafi.

Ranar kasuwa ce, unguwa ta watse, daga ni sai kaji. Wajen hantsi na shiga lungun tsohuwar marina. Gida shida ne a lungun, huɗu masu su sun daɗe da tashi. Na isa na ƙarshe, na tarar an cika bakin zaure da ƙayar aduwa har kusan ƙirjina. A nan gari kowa ya san ma'anar wannan: masu gida sun tashi, sun tare ƙofa saboda awaki.

Na yi sallama sau ɗaya, ita ma can ƙasan maƙoshi. Shiru. Ƙayar nan ta tuna mini ranar da babana ya jawo irinta ya tare ƙofarmu a Kaya, muna ɗauke da ƙunshin tufafi, ba wanda ya waiwaya. Na buɗe littafi na rubuta: ba kowa.

Da zan juya idona ya sauka a kan makwarari, wato kafar da ke gindin katanga inda ruwan wanke-wanke ke fita. A jiƙe yake, har da 'yar kumfar sabulu. Ruwa bai sauka ba tukuna, ƙasa a bushe take ko'ina. Gidan da ba kowa ba ya zubar da ruwan sabulu. Na san haka. Na rufe littafi na ƙara sauri.

Da La'asar aka zauna. Shugabanmu, Alhaji Garba, babban mahauci ne, mutum mai barkwanci. Ya ce, “To, 'yar Kaya, mi kika samo muna?”

Na karanta gida-gida. Da na zo na ƙarshen lungun marina na ce, “Ba kowa, Alhaji.”

“Awo, gidan marigayi Ɗanjuma ne. Ɗiyan duk suna Gusau, sun fi ƙarfin laka.”

Baba Isa, shugaban magina, ya ce, “Madalla, an rage muna ɗaya. Alhaji, bana dai a saka nama cikin miyar gayya, ba ƙashi ba irin na bara.”

“Kai da haƙoranka uku, mi za ka yi da nama? Romo ya ishe ka.”

Aka kwashe da dariya. Maganar makwarari tana bakina, na haɗiye. In na faɗa, za a ce me ya hana ki shiga, ni kuwa ban iya cewa tsoro a gaban dattawa ba. Na fita na ɗauki sanarwa da muryata, na lissafa gidajen da za a yi wa yaɓe, na tura.

Asabar da Lahadi aka yi gayya. Ina cikin masu kai ruwan sha, na bi ta lungun sau biyu. Duk lokacin makwararin a jiƙe. Na ce wa kaina ƙila ruwan kwaɓa ƙasa ne ya gangaro, alhali wurin kwaɓar yana can bakin lungu. Baba Isa ma ya ɗaga kai ya dubi ɗakin da ke jikin katangar ya ce, “Wanga ba ya ganin ƙarshen damina.” Muka wuce.

Ranar Alhamis bayan Azahar hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi ruwa da iska har kusan Magariba, ruwan farko mai ƙarfi. Da safiyar Juma'a Malam Bello ya kira ni ya ce in zagaya in rubuta ɓarna. Ban fara da inda aka saba farawa ba. Ƙafata ta kai ni lungun marina.

Rufin ɗakin ya rufta ciki, kan azara biyu sun leƙo sama. Na tsaya ina ta addu'a a ce ba kowa ɗin ne da gaske. Sai na ji tari, ɗan ƙarami, irin na wanda yake ƙoƙarin danne shi.

Ban san sa'ad da na kama ƙayar da hannu ba. Tabon yana tafina har yau. A tsakar gida ga tukunya a kan murhu, ga guga a bakin rijiya, ga akuya a ɗaure ta jiƙe jagab, ga takalmin roba ƙafa biyu an jera a ƙofar ɗaki. Na leƙa. Wata tsohuwa ce kwance, azara ta danne mata ƙafafu, laka ta rufe ta har ƙugu, carbi a hannunta. Tun Magariba take nan, kuma ba ta yi ihu ba ko sau ɗaya.

Na ce, “Innalillahi! Sannu, Goggo!”

Ta ɗora yatsa a baki. “Yi a hankali, ɗiyata. Sun tafi?”

“Su wa, Goggo?”

“Masu bindiga. Na ji ƙararsu.”

Tsawa ce ta ji, da faɗuwar rufi. Na gwada ɗaga azarar, ko motsi ba ta yi ba. Na fita da gudu, mayafina ya maƙale a ƙaya na bar shi, ban tsaya ba sai mahauta. Alhaji Garba yana tsakiyar fiɗa. Ya dube ni ya ajiye wuƙa, ya kira mutum huɗu. Da suka iso bakin zauren sai suka ja suka tsaya bisa al'ada. Alhaji ya ce, “Yau babu ba-shiga, ku wuce!” Suka ɗaga azarar, aka ɗauke ta a tabarma zuwa asibiti. Ƙafar hagu ta karye wuri biyu. Likita ya ce za ta taka, amma da sanda.

Daga baya muka ji labarinta. Sunanta Goggo Hajo, Bafulatana ce daga wata ruga bayan Janbako. Ɗanta Umaru ne ya kawo ta sati uku kafin nan, da iznin 'ya'yan marigayi, waɗanda ba su tuna sun sanar da mai unguwa ba. Ya bar mata gero da akuya, ya koma don ya kwaso sauran tumaki, ya ce Juma'a zai dawo. A can wurinsu, in mutum yana son ya kwana da rai, yakan jawo ƙaya ya tare ƙofarsa daga ciki, don gidan ya yi kama da kango, miyagu su wuce. Abin da ta saba shi ta yi. Ta sa ƙaya don miyagu su wuce, sai mu muka wuce.

A taron da ya biyo baya Alhaji ya ce, “Ƙaddara ce. Yarinya ta bi ƙa'ida, ko ni na ga ƙaya haka zan rubuta. Ita ma ce ta cece ta.” Kowa ya ce Allah ya yi mini albarka. Da zagina aka yi da ya fi mini sauƙi. Na koma gida na rasa wanda zan gaya wa. Asma'u tana Bakura da sabon gida, in na kira ta sai hira ta tsaya a gaisuwa. Ƙanwar babana ta ga na daina cin abinci, ta ce firgita ce, ta samo mini rubutun sha. In hadari ya haɗo sai in shige ɗaki in zauna ina kallon rufi.

Kwana biyar ina kai wa Goggo kunu a asibiti kafin na iya buɗe baki. Ba mai jinyarta sai ni, ni ma ba wanda nake zama da shi sai ita. Na ce, “Goggo, ni ce na yi sallama ranar Talatar nan.”

Ta ce, “Na sani. Na gane muryar. Sallamar mai roƙon Allah kar a amsa mai.”

“Na ga ruwa a makwarari. Na san da mutum ciki. Tsoro na ji, na rubuta ƙarya. Da na faɗa, da an gyara miki rufin.”

Ta ja carbinta. Sannan ta ce, “Ina cikin zaure sa'ad nan. Ina ganin ƙafafunki ta tsakanin ƙaya, da takalmi shuɗi. Sati biyu ban yi magana da kowa ba sai akuya. Na ce a raina, in ta ƙara ta biyu, ni amsa. Ba ki ƙara ba.” Ta kama hannuna ta duba inda ƙaya ta yage. “Matsorata biyu, ƙaya a tsakani. Bar kuka, ke 'yar Haɓe, kunun nan naki ba gardi, gara ki koyi damu.”

Malam Bello shi ne na biyu da ya ji gaskiyar, ku ne na uku. Bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi littafin ya ja layi na huɗu da rula, ya rubuta a samansa: ban shiga ba. Ya ce wadda ta ji tsoro ta sa gidan a nan, a haɗa ta da wata su koma.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Unguwarmu ta cika da baƙin da suka zo da ɗabi'ar ɓuya, kuma ba za su zo zauren mai unguwa su faɗi sunansu ba. Kada ku yarda da ƙofa, ku dubi makwarari. Ku yi sallama sau uku da ƙarfi, ku faɗi sunanku da na gidan da kuka fito. Kada ku rubuta ba kowa sai ƙafarku ta taka tsakar gida, don abin da kuka rubuta shi magina za su bi.

Goggo Hajo tana wani ɗaki yanzu a gidan Baba Isa, akuyarta na ɗaure a gindin darbejiya. Umaru bai dawo ba, kuma ba mu sami labarinsa ba. Duk Juma'a takan sa a ɗebo mata ruwa ta ajiye masa. Har yau sai ta jawo ɗan reshen ƙaya ta kara a ƙofarta, an yi an yi ta ƙi bari. Kullum bayan La'asar nakan je in tsaya a bakin ƙayar in yi sallama. Ta farko ba ta amsawa. Sai na ƙara.