Almu Mai Yankan Ciyawa da Nisan Mosko da Alƙahira

Da ƙafa Almu ya shigo Agege ana gab da samun 'yancin kai, yana koro shanun wani fatake tun daga Kaura Namoda. Kwana saba'in suka yi a hanya. Bai koma ba. Ya aika aka kawo masa matarsa Batulu da 'ya'yansu biyu, ya sami aikin yankan ciyawa a filin jirgin sama na Ikeja. Shekara ashirin jirage suna tashi ta saman kansa, bai taɓa taka matakalar ko ɗaya ba.

Yaran sun yi karatu. A 1974 gwamnati ta tura Ja'afaru Alƙahira koyon Larabci, Iliyasu kuma Mosko koyon aikin injiniya. Sun tafi ba sa ga-maciji. Iliyasu ya taɓa yi wa karatun wansa ba'a a gaban mutane, Ja'afaru kuwa ya riƙe abin. Kowa yakan rubuto wa gida, ba mai ambaton ɗan'uwansa.

Wata ranar Talata Almu ya wanke hannu, ya nufi wajen Shitu, wani akawu Bayarabe mai sayar da tikiti, wanda suke sallar azahar tare.

"Oga Shitu, daga Mosko zuwa Alƙahira tafiyar nawa ce?"

"Baba, daga Legas kake nufi?"

"A'a. Tsakaninsu."

Shitu ya buɗe wani littafi mai kauri, ya bi layi da yatsa. "Kamar mil dubu ɗaya da ɗari takwas. Awa huɗu da wani abu a jirgi."

Almu ya yi lissafi da tafiyar shanu, mil goma a wuni. Wata shida ke nan. Ya ce a sake faɗa masa awannin. Shitu ya maimaita.

"Ashe daga hantsi ne zuwa azahar," in ji Almu.

Nan take ya roƙi Shitu ya rubuta masa wasiƙa biyu, magana iri ɗaya: "Na tambaya, an ce awa huɗu ce tsakaninku. Ni ba jirgi gare ni ba, amma ban taɓa yin shekara ban ji labarin ƙanena ba. Uwarku tana gaishe ku."

Damina ta wuce ba amsa. Batulu ta ce ya bar su, ya ƙi, ya sake aikawa. Sai bayan babbar sallah hoto ya iso daga Alƙahira. Iliyasu ya yada zango can lokacin hutu. Suna tsaye a bakin kogi, ba mai dariya, amma Ja'afaru ne sanye da hular gashin nan ta mutanen Rasha, duk da ranar da ake yi.

Almu ya kai wa Shitu hoton ya gani, sannan ya koma bakin aikinsa, don ciyawar gabashin filin ta kai gwiwa.